Jagorancin Kasuwanci da Riƙon Ma'aikata: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi sun fi fitowa daga bakin masu shaguna, masu ƙananan masana'antu, da ma'aikatan da aka ɗora wa shugabanci ba tare da an koya musu ba. Amsoshin sun fi dacewa da wurin da ke da ma'aikata 3 zuwa 30. Inda aka ambaci doka, dokar Najeriya ake nufi.

Da na yi tafiyar kwana 3 sai shago ya rikice. Ta ina zan fara gyara?

Ka fara da littafi da biro. Tsawon mako 2, duk abin da aka zo aka tambaye ka ko aka bugo maka waya a kansa, ka rubuta: nawa za a rage wa wannan kwastoma, a ba wane bashi ko a hana shi, a sayo man janareto, a karɓi kayan da aka dawo da su. Za ka tarar tambayoyin ba su da yawa, maimaituwa kawai suke yi. Sai ka kasa su gida 3: wanda yaronka zai yanke da kansa ba sai ka ji ba, wanda zai yanke ya faɗa maka da yamma, da wanda dole sai an jira ka.

Abin da ke sa wannan tsari ya tsaya shi ne iyaka mai lamba. Idan ka ce wa yaro "ka yi abin da ya dace", ba ka ba shi komai ba, tsoro kawai ka ƙara masa. Ka ce masa ragi har kashi 3 cikin 100 nasa ne, sayayyar da ba ta kai naira 20,000 ba ya yi ya kawo rasit, bashi kuma sai ga waɗanda sunansu ke cikin wannan takarda, kowa da iyakarsa. Tun 1954 masanin harkar gudanarwa Peter Drucker ya kawo ra'ayin cewa shugaba da na ƙasa da shi su amince a kan sakamakon da ake nema, sannan a bar wa mai aikin zaɓin hanya. Har yau a nan yawancin masu gida suke tuntuɓe.

Inda abin yake lalacewa sananne ne. Kwastoma ya tsallake manaja ya kira Alhaji, Alhaji ya sauke masa farashi ta waya. Sau biyu aka yi haka, kasuwa gaba ɗaya ta gane cewa maganar manaja ba magana ba ce, shi ma ya daina yanke komai. Amsar irin wannan kira ita ce: "Ka koma wurin wane, wannan a hannunsa yake." In ma manajan ya yi kuskure, ka gyara masa daga kai sai shi.

Na ba yarona amana. In na riƙa ƙirga kaya a bayansa, ba zargi ke nan ba?

A'a, matuƙar ƙirgar ƙa'ida ce da ta hau kan kowa har da kai, kuma an san da ita tun ranar farko. Ƙirgar da take zama zargi ita ce wadda ba a taɓa yi ba sai ranar da wani abu ya ɓace. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma muminai ake wa magana. Rubutu yana kare mai gaskiya fiye da yadda yake kama mai ha'inci, domin yaron da aka ƙirga kayansa jiya ba wanda zai ɗora masa ɓatan watan jiya.

Ginshiƙin tsarin shi ne kada mutum ɗaya ya riƙe kaya, ya riƙe kuɗi, ya kuma riƙe littafi. Mai sito yana fitar da kaya ne da takarda kawai, kashiya tana karɓar kuɗi, wani daban yana gwada su biyun. Idan ku 3 ne kacal a shagon, kai ne na ukun.

Kullum kafin a kulle, a haɗa jimillar rasit da tsabar kuɗin da ke cikin durowa, da abin da na'urar POS ta nuna, da abin da ya shiga asusun banki. Kada a saki kaya don kwastoma ya nuna hoton tiransifa a wayarsa ko don saƙon alat ya shigo; a buɗe manhajar banki a ga kuɗin a ciki. Kada kuma a yarda kuɗin shago ya shiga asusun yaro ko da sau ɗaya da sunan sabis ya ɗauke, don daga nan lissafi yake fara cakuɗewa. Littafin rasit ya kasance mai lamba a jere, wanda aka ɓata a bar shi a jiki, kada a yage.

Ƙirgar sito ba sai an rufe shago ba. Zaɓi kaya 15 ko 20 mafi tsada da mafi saurin fita, a ƙirga su duk mako, sauran duk wata ko duk wata 3. Wani lokaci ka zo da ƙirgar ba-zata.

Ciniki ba ya yankewa, amma kuɗi ba ya zama. Ina yake tafiya?

Yawanci ta ƙofa 4.

Ta farko, rikita riba a kan sari da riba a kan ciniki. Ka saro katan a kan 8,000 ka sayar 10,000. Ribar 2,000 kashi 25 ce na kuɗin sari, amma kashi 20 ce na ciniki. Idan haya, albashi, mai, dako da haraji suna cin kashi 22 na cinikinka, kai kana ganin ka tsira da kashi 3, alhali faɗuwar naira 200 kake yi a kowane katan.

Ta biyu, hauhawar farashi, wadda a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. Ka sayar da katan ɗin 10,000, ka koma wurin dila ka tarar ya kai 9,800. Ribarka ta gaskiya 200 ce. Wanda ya cire 2,000 ya kashe, uwar kuɗi ya ci, kuma zai gane ne lokacin da kanta ta fara yin fili. Farashi ana sa shi ne bisa kuɗin da za a sake saro kayan.

Ta uku, bashi. Rubuta duk masu bashinka, ka ware wanda bai kai kwana 30 ba, da na 30 zuwa 60, da na 60 zuwa 90, da wanda ya wuce 90. Rukunin ƙarshe kada ka lissafa shi cikin dukiyarka sai ya shigo hannu, kuma mai shi kada ya ƙara ɗaukar kaya. Idan dila yana ba ka mako 2 kai kuma kana ba kwastoma wata 2, da jarinka wasu suke kasuwanci.

Ta huɗu ita ce hannun mai gida a durowa: cefane, kuɗin makaranta, gudummawar biki. Ka yanka wa kanka albashi, ya fita sau ɗaya a wata zuwa asusunka na kanka.

Akwai lamba ɗaya da ya kamata kowane mai kasuwanci ya sani a ka. Tara kuɗin da kake kashewa duk wata ko an yi ciniki ko ba a yi ba. A ce 600,000 ne, ribarka kuma kashi 20 ce na ciniki. Sai ka yi cinikin miliyan 3 kafin ka fara cin ko sisi, wato kusan 115,000 kullum idan kana buɗewa kwana 26.

In ɗauki ɗan'uwa aiki ko in nemi bare?

Tambayi kanka: idan ya gaza, zan iya sallamarsa? In amsar a'a ce, taimaka masa ta wata hanya, ko da da ɗan jari ne. In za ka ɗauke shi, a yi maganar aiki, albashi da dalilan sallama a gaban babba na gida tun kafin ya fara, domin wurin wannan babban za a kai ƙararka. Kada ya zama kai tsaye a ƙarƙashinka in da hali, kuma lokacin zuwa da ƙirga su hau kansa kamar kowa. Sauran ma'aikata suna kallo. Ranar da ɗan yayarka ya makara aka yi shiru, ranar dokar makara ta mutu.

Na naɗa wanda ya fi kowa iya sayarwa manaja, ga shi ya kasa. Me ya faru?

Ka yi asarar mai sayarwa, ba ka kuma samu manaja ba. Marubuci Laurence Peter ya bayyana wannan a 1969: ana ta ɗaga mutum saboda ya iya aikin da yake kai, har a kai shi kujerar da bai iya ba, sai ya tsaya a nan. Sayarwa tana son kaifin baki da son cin nasara. Riƙon mutane yana son haƙurin koyarwa, iya faɗar magana mai ɗaci ba tare da cin fuska ba, da jin daɗin wani ya yi fice.

Kafin naɗi, gwada mutum: ba shi sabon yaro ya koyar na wata 1, ko ya riƙe shago mako 1. Duba ko aiki ya tafi ta hannun wasu, ko shi ya kwashe komai ya yi da kansa. Wanda ka riga ka naɗa kuma, ba shi wata 3 da abubuwa 2 ko 3 da za a auna shi da su, kuna zama duk mako. In bai yiwu ba, mayar da shi sayarwa da muƙamin babban mai sayarwa da kamasho mai tsoka, don kada ya ji an tozarta shi ya tafi da kwastomominsa.

Ƙarin albashi zai sa su ƙara ƙwazo?

Masanin halayyar ɗan Adam Frederick Herzberg da abokan aikinsa sun yi hira da injiniyoyi da akantoci kimanin 200 a yankin Pittsburgh na Amurka, suka fitar da sakamako a 1959. Sun ga abubuwan da ke sa ma'aikaci ƙorafi daban suke da waɗanda ke sa shi himma. Ƙarancin albashi, mugun shugaba da wurin aiki mara daɗi suna kawo ƙorafi, amma gyara su yana kashe ƙorafin ne kawai. Himma tana zuwa daga a ba mutum nauyi, a yaba masa, ya ga yana gaba. An yi ta muhawara a kan binciken, amma duk wanda ya riƙe mutane ya ga alamarsa.

Sai dai kada wannan ya zama hujjar matse hannu. Wanda kuɗin mota ke cinye rabin albashinsa ba yabon da zai riƙe shi. Biya a kan rana ɗaya tsayayya ya fi ƙarin da ba a san ranar zuwansa ba.

Kamasho kuma a yi hattara. In ka ɗora shi a kan yawan ciniki, za a riƙa zabga ragi da ba da bashi don lamba ta hau. Ɗora shi a kan riba, kuma a kan kuɗin da ya shigo.

Ina da shagon ɗinki, teloli 6. Duk Sallah sai mun saɓa alkawari, na yi faɗa har na gaji. Yaya zan yi?

Hajiya, faɗan da ake maimaitawa duk shekara ya nuna matsalar ba a jikin mutum take ba. A kamfanin Toyota, Taiichi Ohno ya koya wa ma'aikata su tambayi "me ya sa" har sau 5 kafin su taɓa gyara. Ki gwada a kan ɗinki ɗaya da ya makara. Me ya sa bai fito ba? Tela bai gama ba. Me ya sa? Kaya 14 ne a gabansa a makon, alhali 9 yake iya ɗinkawa. Me ya sa aka ba shi 14? Mai karɓar aiki ba ta san abin da ke hannunsa ba. Me ya sa? Ba inda ake rubutawa. Me ya sa? Kowane tela yana karɓar aiki ta wayarsa, ke ma kina karɓa ta WhatsApp.

Gyaran ya fito da kansa. Ƙofar karɓar aiki ta zama ɗaya. A kafa allo a bango mai sunan kowane tela da ranakun mako, kowane ɗinki da katinsa: sunan mai kaya, awo, abin da aka biya, ranar karɓa. Ki auna abin da kowa ke gamawa a mako na yau da kullum, ki cika kashi 80 cikin 100 na wannan kawai, sauran ki bar wa ɗaukewar wuta, gyaran keke da kayan da za a dawo da su a rage ko a buɗa. Aikin da ke fita waje, kamar surfani ko sa duwatsu, a ƙara masa kwanaki a lissafi. Daga nan ki ƙirgo baya daga ranar Sallah ki sa ranar rufe karɓa, ki sanar tun farkon azumi. Kwastomar da kika ce wa "mun cika" za ta dawo bayan Sallah. Wadda ta yi idi da tsohon kaya da wuya ki sake ganinta.

Taron ma'aikata yana da amfani a ƙaramin wuri?

Yana da shi in gajere ne. Minti 20 sau ɗaya a mako, rana da lokaci ba sa canzawa. A duba lambobin makon jiya, kowa ya faɗi abin da ya tare masa hanya, a tashi da sunan wanda zai yi me da ranar gamawa. Mako mai zuwa da wannan takardar za a buɗe. Shugaba ya yi magana a ƙarshe, domin in ya fara, sauran "haka ne, ranka ya daɗe" kawai za su ce. Ba a tsawatar wa mutum a taro.

Me doka ta ce game da ɗauka da sallama?

Dokar Ƙwadago ta wajabta a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata 3 da farawa: irin aikin, albashi, lokutan aiki, hutu da wa'adin sallama. Mafi ƙarancin wa'adin shi ne kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 daga nan zuwa shekara 2, mako 2 daga shekara 2 zuwa 5, wata 1 ga wanda ya kai shekara 5. Ana iya biyan kuɗin wa'adin a madadinsa. Bayan wata 12 ana aiki, akwai hutun aƙalla kwana 6 na aiki da cikakken albashi. Wannan doka ta fi shafar leburori da ƙananan ma'aikatan ofis. Manyan manajoji takardar yarjejeniyarsu ce ke aiki.

Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a Yulin 2024, kodayake dokar ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Dokar fansho ta 2014 ta hau kan mai ma'aikata 15 zuwa sama: mai gida ya zuba kashi 10 na albashi, ma'aikaci kashi 8. Rigimar aiki Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ake kaiwa, kuma can takarda ake tambaya. Saboda haka in ba sata ko babban laifi ba, a bi mataki: gargaɗin baki, gargaɗi a rubuce da sa hannu, damar kare kai, sannan sallama, a biya mutum haƙƙinsa ranar da zai tafi.

Yarona ya daɗe, ina so in ba shi jari mu riƙa raba riba. Yaya ake tsarawa?

Wannan ita ce mudaraba: kuɗi naka, aiki nasa. Rabon riba kaso ne da aka amince tun farko, kamar rabi da rabi ko 60 da 40, ba wani adadi tsayayye duk wata ba. In an faɗi ba da sakacinsa ko saɓa sharaɗi ba, asarar kuɗi taka ce, shi ya yi asarar wahalarsa. A rubuta adadin jari, irin kayan da zai saya, ko an yarda ya ba da bashi, abin da zai riƙa ci kafin rabo, da lokacin zaman lissafi. Rigima ta fi tasowa a kan ƙimar kayan da suka rage a shago ranar lissafi, don haka a amince tun yanzu da wane farashi za a ƙiyasta su.

Ni ma'aikaci ne, ba mai gida ba. Me zai ɗaga ni?

Riƙe littafin abin da ka cim ma, da lambobi: bashin da ka karɓo, kwanakin da ka rage a isar da kaya, mutanen da ka koyar. Ranar neman ƙarin girma da shi za ka shiga, domin "na daɗe a nan" ba hujja ba ce. In za ka kai wa shugabanka matsala, kai ta da wuri, tare da mafita 2 da wadda ka fi so. Tambaye shi abu ɗaya da yake so ka gyara a wata 3 masu zuwa, ka koma ka nuna masa. Ka koyar da wanda zai gaje kujerarka, don ba a ɗaga wanda in ya tashi wurinsa zai rushe.

Fasahohi 3 suna biyan mai su a kusan kowane ofis: manhajar lissafi ta Excel, rubuta rahoton shafi ɗaya, da karanta bayanin riba da faɗuwa. Takardar ƙwarewa daga ƙungiyoyin ƙwararru kuma ta bi layinka: ICAN ko ANAN ga akanta, CIPM ga mai kula da ma'aikata, NIM ga harkar gudanarwa. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana ba mai aiki damar karatu ba tare da ya ajiye aikinsa ba.

Me zan karanta, kuma littattafan Turawa sun dace da kasuwarmu?

Fara da lissafin kuɗi, sannan riƙon mutane, sannan dabarun kasuwa. Mutane da yawa suna farawa da tarihin attajirai saboda daɗin karatu, amma wannan ya fi ba da kuzari fiye da hanya. Irin waɗannan littattafai suna duba waɗanda suka yi nasara ne kawai, ba sa ƙirga dubban da suka yi abu iri ɗaya suka faɗi. Littafin Jim Collins na 2001 ya ware kamfanonin Amurka 11 a matsayin zakaru. A 2008 ɗaya daga ciki, Circuit City, ya durƙushe, wani kuma, Fannie Mae, sai da gwamnati ta karɓe shi. Wannan bai zubar da littafin ba, amma ya isa ya sa mai karatu ya riƙa tace abin da yake sha.

Ga kowace shawara ka tambaya: a wane irin wuri aka gwada ta? Mai rubutu yana ɗauka akwai wuta, akwai rance mai sauƙi, kotu tana saurin karɓo bashi. Abin da ya shafi halin ɗan Adam da lissafi yakan ƙetaro lafiya. Abin da ya jingina da waɗancan sai an yi masa kwaskwarima. Ɗauki littafi ɗaya, fitar da abu ɗaya, gwada shi kwana 30 a wurin aikinka, ka auna kafin da bayan.

Rahoton shekara na kamfanonin da ke kasuwar hannun jari, irin su Dangote Cement da BUA Foods, kyauta ne a intanet, kuma yana koyar da karatun lambobi. Sa'a guda tare da dattijon da ya shekara 30 a Kantin Kwari ko Dawanau, kana tambayarsa yadda yake gane wanda zai ba bashi, ita ma karatu ce. Je da tambayoyinka a rubuce.

Yaya kasuwanci zai rayu bayan mai shi?

Alhassan Dantata ya rasu a 1955, gidansa kuma ya ci gaba da kasuwanci tsara bayan tsara, amma shagunan da aka raba kayansu bayan sadakar arba'in sun fi irin wannan yawa nesa ba kusa ba. Rajistar sunan kasuwanci kawai ba ta raba mutum da sana'arsa. Kamfani mai hannun jari kuwa yana da rayuwarsa a idon doka, kuma tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya ma yana iya yi wa ƙaramin kamfani rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. A nan magada hannun jari za su gada, kowa gwargwadon rabonsa na shari'a, ba sai an sayar da injin ko an tsaga shago ba.

Mallaka daban, gudanarwa daban: duk magada suna da rabo, amma mutum ɗaya zai riƙe ragama, da albashi da lissafin da zai riƙa gabatar musu. A fara shigar da shi tun mai gida yana da ƙarfi, ya zaga sito, sayarwa da sari, diloli da banki su san fuskarsa. A sa mutum na biyu cikin masu sa hannu a asusun kamfani. Basussuka na ciki da na waje, kadarori, da dukiyar mutane da ke juyawa a cikin kasuwancin, duk a rubuta su wuri ɗaya, a sabunta duk shekara lokacin fitar da zakka, tunda dama a lokacin ake ƙirga komai.